A Bayan Kicin Ɗin Hajiya

Ruwan sama ya ɗauke tun kafin la'asar, amma na tsakar gidan Malami yana nan kwance, jajawur, ya kai masa tsakiyar ƙwauri. Kujerar tsugunnon matarsa Larai na yawo a kansa, ita da takalman yara da murfin tukunya. Malami ya naɗe wando har gwiwa, ya durƙusa a gindin katangar gabas, ya lalubi wuriya, ƙofar nan da ake bari a ƙasan katanga don ruwan gida ya bi ya fita. Ya zura taɓarya ciki. Ko kamu ɗaya ba ta shiga ba ta daki abu mai tauri. Ya ja baya ya sake bugawa da ƙarfi. Shekara talatin yana gini, ya san amon kowane abu idan an doke shi, na laka daban, na dutse daban. Wannan na siminti ne.

"Malam, ka bari hakanan kada ka karya mini taɓarya," in ji Larai daga bakin ɗaki, tana tattare da zaninta. "Siminti na, ba kunne garai ba."

Ya miƙe, ruwa na tsiyaya daga hannun rigarsa, ya ɗaga kai. A bayan katangarsa ta laka wani bangon bulo ne ya tashi, fari ƙal, da 'yar taga mai baƙin gilashi can sama. Rufin kwanonsa ya leƙo ta kan katangar kamar hular da ta fi kai girma, har yanzu yana ɗiga a kan ɗakin 'ya'yansa mata.

"Mardiyya! Ɗauko bokitai. Ke Zahra'u, hau dakali ki zauna, kada in ga ƙafarki cikin ruwan ga."

Haka suka jera. Shi yana ɗiba, Larai na karɓa, Mardiyya mai shekara goma sha huɗu na hawa matakala uku zuwa ƙofar baya tana watsawa a lungu. Lungun ya fi gidan tudu, shi ya sa ruwa bai taɓa sanin wannan ƙofar ba. Zahra'u, autar, 'yar shekara bakwai, tana kan dakali tana ƙirga bokitan da ƙarfi, har ta ɓace a ƙirgan ta sake daga farko. Suka yi ta yi har aka kira magariba. Bayan Mardiyya ya ƙage, ta fara kuka ƙasa-ƙasa tana juya fuska. Ruwan bai ragu da abin da ya wuce faɗin yatsa huɗu ba. Kuma wannan ne ruwan farko mai ƙarfi na bana, ko shuka ba a gama ba.

* * *

Da gidansa da na bayan katangar ɗaya ne. Mahaifin su Malami, bafataken da ya yi arziki da kai tufafi Nijar yana dawowa da kanwa da dabino, shi ya gina shi a tsakiyar garin Isa, da zaure biyu da wani soro mai ɗaurin guga, rufin nan na laka mai bakuna, wanda idan baƙo ya shiga sai ya dafe hularsa wajen kallon sama. Da ya rasu aka raba. Babban wa, Abdulrasheed, ya ɗauki gaba, inda zaurukan da soron suke. Malami ya samu baya, ɗaki biyu da tsakar gida. Da hannunsa ya ja katangar da ta raba su, ya bar wuriya a gindinta, domin ƙasar gidan gabas ta gangara. Ruwa yakan taso daga baya, ya bi ta gefen tsohuwar madafa, ya fita titi. Malamin addinin da ya raba gadon ma ya faɗa a ranar, hanyar ruwa ba ta shiga rabo, ta kowa ce. Ba wanda ya rubuta. Wa ke rubuta abin da kowa ya sani?

Abdulrasheed ya rasu shekara huɗu da suka wuce. Ɗansa Kamaluddeen, wanda Malami ya sha ɗorawa a wuya zuwa kasuwa, yanzu Alhaji ne a Abuja, mai harkar kwangila. Da rani ya zo ya ce zai gyara gidan ubansa. Ba rushe shi zai yi ba, in ji shi, irin wannan soron Turawa har kuɗi suke biya su gani. Falo zai mayar da shi, a sa masa fitilu da na'urar sanyaya ɗaki, sannan a inda tsohuwar madafa take a gina wa matarsa Lubna kicin irin na ƙasashen waje.

Ranar sa harsashi aka tara malamai da dattawan unguwa don addu'a. Malami na isowa ya ga turakun da injiniya ya kafa, ya ga igiyar da aka ja ta ratsa hanyar ruwa a gicciye. Bayan an shafa fatiha, ana cikin raba goro, Kamaluddeen ya juyo gare shi a gaban kowa.

"Baffa, kai ne ubana yanzu, ga shi kuma gini sana'arka ce. In da abin da ka gani, ka faɗa."

Ido ya fi arba'in a kansa. Yaro ya dawo raya gidan ubansa a zamanin da wasu sai dai su sayar, a ce bakin da ya fara kawo cikas na ƙanen uban ne? Maganar wuriya ba ta taro ba ce, ta ɗaki ce, tsakanin ɗa da uba.

"Ba komai," ya ce. "Allah shi sa albarka."

Ya bari sai an watse. Amma ana watsewa motar Kamaluddeen ta tashi, don mai hankali ba ya bari la'asar ta riske shi a hanyar Sakkwato a wannan zamani. Sai injiniyan ya samu, wani matashi mai suna Marwan, mai farar hular kwano. Marwan ya saurare shi da ladabi yana danna waya, ya ce kada Baba ya damu, za a sa bututu. Aka kawo jar ƙasa tifa goma aka cike wurin, ya tashi kamu biyu. Malami ya koma ya yi tuni. Za a sa. Aka zuba kankare. Da ya je karo na uku, Marwan ya buɗe masa wata babbar takarda mai zane, ya bi ta da yatsa.

"Ka gani, Baba, babu bututu a zane. Ni kuma abin da ke zane nake bi."

* * *

Washegarin kwasar ruwan, Malami ya shiga ɗakin 'yan matan, ya janye katifarsu, ya dafa bangon. Sanyi ƙalau. Ya danna babban yatsa a gindinsa, yatsan ya nutse kamar cikin tuwon da bai huce ba. Ya goge a wando don kada Mardiyya ta gani, ya ɗauki hula ya nufi ƙofar gidan Mai'unguwa Abu.

Ya same shi a kan tabarma da mutum uku, a gindin sabuwar fitilar sola, ɗaya daga cikin shidan da Kamaluddeen ya kafa wa unguwar. Bayan gaisuwa ya zayyana masa komai, tun daga ranar rabon gado.

"Malami, ni fa ban gane ba," in ji Mai'unguwa yana jan tasbaha. "Ranar harsashi ina wurin. A gabana yaron ga yat tambaye ka. Mi kac ce?"

"Na ce ba komai, ranka shi daɗe. Amma kai ma ka san irin wagga ba komai. Kara ta."

"To, kunnena dai ba komai yaj ji."

"Bangon ɗakin ɗiyana shina shan ruwa ta ƙasa, kwanonsu shina zuba mai ta sama. In marka ta zo, wallahi ba shi ganin ƙarshen Agusta."

Wani daga cikin mazauna tabarmar, mai facin taya na bakin titi, ya kece da dariya. "Kun taɓa ganin maginin laka da ke son siminti? Sun kashe musu kasuwa!"

Sauran suka taya shi. Malami ya juyo gare shi.

"Ni ba kasuwa ta kawo ni ba. Rai ya kawo ni."

Mai'unguwa ya ɗaga hannu aka yi shiru, sannan ya sassauta murya. "Ka ji shawara ta tsakani da Allah. Yaron ga ya sa muna fitila, ya gyara rufin masallaci, da azumi kai kanka buhu na shiga gidanka. Yau in na kira shi na ce baffanai ya kawo ƙara, mi gari za shi ce? Hassada ta. Sunanka za ka ɓata, ba nashi ba. Shina tahe walima mako mai zuwa. Ɗanka na, ka ja shi gefe ku kashe ku rufe."

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma a ranar Malami ya gane, idan mai ɗakin talaka ne, sai an ji ta bakin maƙwabcinsa mai hali kafin a yarda ana yoyon. Ya yi godiya ya tashi.

* * *

Ranar walima sa aka yanka. Motoci daga Sakkwato da Sabon Birni suka toshe layin. Malami ya sa farar rigarsa ta Juma'a, ya zagayo ta lungu, ya shiga gidan da aka haife shi ta wata ƙofar ƙarfe mai maigadi.

Duk da abin da ke ransa, sai da ya tsaya a soron. Ɗaurin gugan na nan yadda maginan da suka bar shi, an goge shi an gyara zanensa, wasu ɓoyayyun fitilu na haska shi daga ƙasa. Kujeru masu laushi ruwan madara sun zagaye ɗakin, ga talabijin kusan faɗin ƙofa, ga sanyi na busowa ba a ganin daga inda yake fitowa. Aiki ya yi kyau. Da zai ce bai yi ba, ya yi ƙarya. Ya so a ce ya zo ne kawai ya sa albarka ya koma.

Kamaluddeen ya rungume shi, ya ja hannunsa. "Baffa, ai ba ka ga komai ba, sai ka ga kicin."

Kicin ɗin ya fi ɗakunan Malami biyu a haɗe. Fararen kabet daga ƙasa har sama, babu ko mariƙi, taɓawa ake su buɗe da kansu. Murhun gas mai baki shida. Firij mai ƙofa biyu, ya fi mutum tsawo. A tsakiya wani dogon teburin dutse mai sheƙi, da famfo a jikinsa da dogayen kujeru a gefe. Ƙasan kuwa tayil ne ruwan toka, mutum na hango fuskarsa a ciki. Hajiya Lubna na tsaye tana nuna wa wasu mata biyu yadda wata na'ura ke zuƙe hayaƙi. Abincin walimar dai can a fili ake dafa shi, kan duwatsu, don kada a ɓata wurin.

Ƙafafun Malami sun san wurin nan ko da zinariya aka rufe shi. Daga gindin bangon baya, ta ƙarƙashin teburin dutsen, ya fita ta waccan kusurwar. Taku tara.

"Kamalu," ya fara, sai ya ga matan sun juyo, ya gyara. "Alhaji, magana gare ni. Ƙarama ta."

Ya yi bayani a hankali, yana nuna layin da ɗan yatsan ƙafa. Layin tayil ɗaya kawai za a ɗaga, a haƙa, a shimfiɗa bututu, a mayar. Shi da kansa zai yi, kwana biyu ya isa, kuma wanda bai sani ba ba zai gane an taɓa wurin ba.

Lubna ta matso, ta rusuna ta gaishe shi. "Baffa, tayil ɗin nan daga Dubai aka kawo shi, kuma ya ƙare, ko guda bai ragu ba. In ɗaya ya fashe shi ke nan, sai dai a canza duka. Kuma fisabilillahi, ruwan kwata ya riƙa bi ta ƙarƙashin inda ake girki?"

"Ruwan sama na, ɗiyata. Wanda muke fita roƙo."

"Baffa, yau ranar farin ciki ce," in ji Kamaluddeen yana dafa kafaɗarsa. "Bari damina ta wuce, zan turo Marwan ya duba."

"Daminar ita ta abin tsoron, Kamalu. Bayan damina ni ma ba ni buƙatar shi."

Kamaluddeen ya tuntsire da dariya, ya dubi matan. "Baffa ke nan! Tun muna yara haka yake, ko ɗan gajimare ya gani sai ya ce a kwashe shanya." Wayarsa ta yi ƙara, ya kara a kunne, ya fita yana ta ranka ya daɗe.

Lubna ta sa aka cika masa kula biyu da shinkafa da nama. Ya zagaya da su ta lungu. Larai ta dubi kulolin, ta dubi fuskarsa, ta karɓa ta shige da su ɗaki. Bayan kwana uku masu gida suka koma Abuja. Aka kulle kicin, aka lulluɓe kujeru da zannuwa, aka bar maigadi a ƙofa. Sai kuma wata Sallar, in an samu sarari.

* * *

Abin da ke hannunsa duk ya yi. Ya haƙa rami a tsakiyar gida don ruwa ya taru nesa da bango, ruwa ɗaya ya cika shi ya tumbatsa. Ya kwaɓa laka da ciyawa ya ƙara wa gindin bangon kauri, ruwa na gaba ya lashe ta. Ya kafa azara biyu ya tokare bangon daga ciki, ya kwashe 'yan matan ya mayar ɗakin uwarsu, shi ya koma kwana a rumfa. Ya ja ƙofar ɗakin nasu ya ɗaure da waya, ya ce duk wadda ta shiga sai ta ga ɓacin ransa.

Kiran wayar Kamaluddeen kuwa ya yi har ya haddace muryar matar nan mai cewa ba a samun lambar. Ran da aka ɗauka, Alhaji na cikin taro, zai kira. Bai kira ba.

"Ɗauki diga ka fasa!" Larai ta ce wata rana, ta yi jifa da bokiti. Tafin hannunta ya yi fari don jiƙa, tsakanin yatsun ƙafarta duk ya tsattsage. "Kai da ka gina rabin garin ga, ka zauna ruwa shi ci ka? Fasa, in sun so su kai mu kotu!"

"In na fasa ina za shi bi? Sun cike ƙasa kamu biyu. Kin taɓa ganin ruwa ya hau tudu? Sai an haƙa ta cikin kicin."

"To shiga ka haƙa!"

"In ɓalle gidan ɗan wana? In ana kiran ɓarayi a kira da ni?"

"Kara, kara! Ita za ta kashe mu. Da ranar nan ka buɗe baki gaban mutane..." Sai ta ga yadda fuskarsa ta koma. Ta sunkuya ta ɗauki bokitin.

Ba inda za su. Gonarsu ta Tozai shekara uku ke nan bai taka ta ba, tun da 'yan bindiga suka fara ɗibar manoma a bakin aiki. Garin kuwa ya cika maƙil da waɗanda suka gudo daga ƙauyuka, ko shagon da ba shi da ƙofa akwai masu kwana a ciki.

A tsakiyar Agusta aka yi marka kwana uku, ruwa siriri ba tsayawa. Ran na huɗu rana ta fito tas, unguwa ta cika da shanya, mutane na ta hamdala. Malami kaɗai hankalinsa ya ƙara tashi. Ya san abin da wanda bai yi gini ba bai sani ba: bangon laka ba kasafai yake faɗuwa ana tsakiyar ruwa ba, sai rana ta buge shi, samansa ya bushe ya ja, gindinsa na jiƙe. Ya kwance wayar ya leƙa, ya ga tsaga ta tashi daga kusurwa, yatsa na shiga. Ya ja ƙofar, ya ja wa kowa kunne, ya fita da sauri zuwa gidan wani abokin sana'arsa ya aro azara ta uku. Don gaggawa bai mayar da wayar ba.

Abin da bai sani ba, kazar Zahra'u, wadda kakarta ta ba ta, ta samu ɗaki ba kowa ta mayar da shi wurin ƙwai, tana shiga ta ƙasan ƙofa. Yarinyar kuwa ta daɗe tana leƙe ta tsagar ƙofar, tana son ta ga ko nawa suka zama.

Yana cikin lungu da azara a kafaɗa ya ji. Ba ƙara ce mai tsanani ba, wani nishi ne mai nauyi, kamar an sauke buhuna ashirin lokaci guda. Sai ihun Larai.

Bai san lokacin da ya yar da azarar ba. Ɗakin ya zauna. Bangon gabas ya kwanta ciki, rufin ya biyo shi. Da hannu ya fara tono yana kiran sunan Zahra'u. Maƙwabta suka diro ta katanga, har da mai facin nan, shi ya ma fi kowa tono, faratansa na jini. Suka same ta kusa da ƙofa, inda azara biyu suka gicciye suka kare mata kai. Wata kuma ta rufin tana kan ƙafarta ta dama.

Ba kuka take ba. Ta buɗe ido cikin laka, ta gan shi.

"Baba, kada ka doke ni. Ba ni ƙarawa."

Sai da mutum biyu suka riƙe shi. Ana fita da ita ya ji wani a bayansa na cewa ƙaddara ta riga fata. Wani kuma ya ce ginin laka ke nan, ya kamata mutane su waye.

* * *

Karaya biyu ce, ƙasa da gwiwa. Aka ɗaure a asibiti. Likita ya ce za ta taka, amma kada su yi mamaki idan ƙafar ta ɗan gaza 'yar'uwarta.

Bayan kwana tara Kamaluddeen ya zo, ta ƙofar lungu, wadda rabonsa da ita tun yana saurayi. Mai'unguwa da Injiniya Marwan na biye da shi. Ya tsaya a gaban kangon yana ta salati. Da ya shiga ya ga Zahra'u kwance da ɗaurarriyar ƙafa, idonsa ya kawo ruwa, kuma ba na ƙarya ba. Ya ajiye mata lemo da madara da 'yar tsana. Zuciyar Malami ta ɗan yi sanyi. Naka dai naka ne, ya ce a ransa.

Aka shimfiɗa tabarma a inda ya ɗan bushe. Marwan ya yi gyaran murya. Shekaranjiya, in ji shi, maigadi ya buɗe kicin don ya sha iska, ya tarar danshi ya taso ta bangon baya. Kabet huɗu sun kumbura, fumfuna ta hau fenti, tayil biyu sun ɗaga. Ruwan da ke kwanciya a nan gidan ne ke ratsawa.

"Dole a yi wa ruwan ga magani kafin damina ta ƙare," ya ce. "Babban rami za mu haƙa inda ɗakin nan ya faɗi, mu gina shi da bulo ya riƙa tsotse ruwa, sannan mu zuba kankare a tsakar gidan gaba ɗaya."

"Shi ya sa na ce, Baffa, zaman nan ya ƙare," in ji Kamaluddeen. "Na sama muku gida a sabuwar unguwa, bayan gari. Ginin bulo ne, ɗaki uku, da rijiyarsa."

"Unguwar da masu gidajen sunka gudo cikin gari?" Muryar Larai ce daga ɗaki. "Inda anka ɗauki mutum bakwai watan jiya?"

"An samu sauƙi yanzu, Inna."

"Ka ga ɗa na gari," in ji Mai'unguwa. "Wani ko sannu ba ka ji."

Sai Malami ya yi magana. Bai ɗaga murya ba da farko. Ya faɗi ranar turaku, ya faɗi bututun da aka yi masa alkawari har sau biyu, ya faɗi layin tayil ɗaya da aikin kwana biyu.

"Wata uku ina bin ku, ina faɗa muku bango za shi faɗa ma ɗiyana. Ba wanda yat taka. Yau katako ya kumbura, cikin kwana biyu ga ku daga Abuja! Katako, Kamalu!"

Kamaluddeen ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Mai'unguwa ne ya fidda shi.

"Ka yi mai uzuri, Alhaji. Wanda yag ga abin da yag gani ba a kama shi da magana. Zafin rai na."

"Wallahi ban riƙe Baffa ba," in ji Kamaluddeen, ya dafa ƙirji. "Na yafe."

Malami ya tashi ya shiga ɗaki kamar mai ɗauko wani abu. Zahra'u ta yi barci, 'yar tsanar na kan ƙirjinta. Ya durƙusa a bayan katifarta ya danna gindin bangon. Shi ma ya fara karɓar yatsa. Ta taga ya hango gabas ta haɗe, baƙi ƙirin, ga sauran wata guda cur na damina. Can bayan gari, wataƙila 'yan bindiga su zo, wataƙila ba su zo ba. Wannan bangon kuwa babu wataƙila a cikinsa.

Ya fito ya tsaya a bakin ƙofa.

"Yaushe motar kaya za ta zo?"

A bayansa Larai ta saki wani sauti, kamar wadda aka taka wa ciwo.

"Gobe da safe, Baffa. Allah ya ƙara girma."

Marwan bai ɓata lokaci ba, so yake ya gama awo kafin hadari ya iso. Ya zaro tef daga aljihu, ya duba hagu da dama, babu lebura ko ɗaya.

"Baba, don Allah ɗan riƙe mini nan."

Malami ya karɓi bakin tef ɗin. Ya hau kangon, ya tsallake karyayyun azara, ya durƙusa a kusurwa ya danne ƙarfen a ƙasa. Marwan ya yi ta ja da baya yana warwarewa, tef ɗin ya yi ciki a tsakiya yana lilo bisa laka. Ba wanda ya ce masa komai. Hannunsa ne da kansa, hannun da bai taɓa barin awo ya karkace ba, ya ja shi ya miƙe sak.

"Yawwa, Baba," in ji Marwan, ya rubuta a takarda. "Ƙafa goma sha biyu. Matsa can kusurwar."

Ya tashi, gwiwoyinsa sharkaf da laka, ya matsa.